Ido Mai Yana

A Alabar, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke,
Fuseni ɗan gwangwan ya tsai da baro bakin rumfata,
ya ce, "Kawu Mumuni, ga wani ƙarfe,
ba tagulla ba, ba dalma ba, sikeli ya rasa sunansa."
Na ɗaga. Nauyin ɗan dutsen niƙa,
tsawon kamu guda, baƙi wuluk, da zobba uku,
da maɗaurin fata da ya sha gumin hannun wani.
Sidi arba'in na miƙa. Ya tafi yana murna, na zauna ina murna,
babu wanda ya san dalilin tasa.

Sunan kamfani ya goge, sai lambobi
sun yi layi kamar tururuwa a bakin randa.
Mai gyaran rediyo ya ce na masu awon fili ne.
Direban tasi ya rantse na soja ne, in ɓoye.
Abiba mai koko ta leƙa, ta ga Kumasi ƙafa a sama,
ta ce in ara mata ta daka yaji.

Kwana tara yana kan tebur yana kallona.

Ran na goma na kai shi Aboabo,
wajen Baba Issaka Wangara,
wanda shekara talatin da saɓa kyamara
suka bar masa kafaɗar dama ƙasa da ta hagu.
Yana ta rufe idanunsa biyu.
Bai nemi fitila ba. Hannu ya miƙo.

Ya zura yatsu cikin maɗaurin, suka zauna daram
kamar ƙafa a tsohon takalmi.
Ya laluba gindin: haƙora uku.
Ya ƙirga tsinkayen waya da farce: goma sha biyu.
"Idon kyamarar labarai ne, ta kafaɗa.
Wannan zobe na nisa, wannan na kaifi,
ƙaramin nan shi ke auna wa haske ƙofa.
Ka ji ɗan maƙulli a nan? Ture shi,
mutumin da ke Kejetiya ya zo maka har tabarma."
Ya murza a hankali, ya kanga kunne.
"Ba yashi. An riƙe shi da mutunci.
A zamaninmu kuɗinsa ya sayi fili a Tafo, har da bulo."

Na ce, "Baba, akwai wani fari-fari a ciki, kamar saƙar gizo."
Ya yi dariya. "Fumfuna ce. Damina ta shige shi.
Ashe tare muka tsufa."

Mai saye daga Nima ta zo, a motar dare,
Adiza, yarinya mai shirya fim, jaka a baya.
Ta haska tocila ta gaba, ta haska ta baya,
ta ɗaura wani zobe, ta haɗa shi da kyamararta ƙarama,
kamar akuya ta auri raƙumi.
Na ce dubu uku. Ta ce fumfuna. Na ce albarka.
Ta ce an daina yayinsa. Na ce to me ya hana ki barci a Ankara?
Muka tsaya a dubu da ɗari takwas.
Da kuɗin suka faɗo wayata ta ce,
"Hazon nan nake nema tun bara. Sababbi sun cika faɗin gaskiya."

Fuseni na ƙara masa ɗari biyu,
ya dube ni kamar na taɓu.
Baba na kai masa ɗari biyar, kuɗin ganin likita.
Ya karɓi ɗari, ya turo sauran.
Ya ce, "Ka tafi da shi ke nan?"
Na ce ya tafi.
Hannunsa na dama na kan gwiwa,
yatsu biyu na murza iska,
suna neman inda abu zai fito sarai.